Ni da Baƙar Taba da Gwaggo

Laifina ne tun farko, wannan na yarda. Shekara biyun da na yi ina aiki a Legas, maigidanmu, wani ɗan Labanan, shi ya koya mini shan ƙatuwar tabar nan irin ta Kastro, tsohon shugaban Kuba, wadda Turawa ke kira siga, ake naɗe ganye cikin ganye, ba takarda ba auduga a gindi. A cikinsu ma baƙar ce ta kama ni, wadda suke kira maduro. Kalmar Sifaniyanci ce, wai nunanne. Ganyen da za a naɗe ta waje ake jibgewa ya yi ta gumi yana ɗaukar zafi wata da watanni, har ya koma launin busasshen dabino, ɗacinsa ya kwanta, ya riƙa ƙamshi kamar gahawa da cakulan. Na dawo Bauchi da kara shida a jaka da ɗabi'ar da albashina bai san da zamanta ba. Kafin Sallah shidan sun ƙare.

Sai nema. Na shiga Wunti na tambayi wani mai shago, "Malam, akwai siga?" Ya ce mai ƙwaya ko gari? Na ce ba ta shayi ba, ta sha. Ya ce ai duk siga ta sha ce. A Muda Lawal wani tsoho ya miƙo mini garin taba da kanwa a ƙulle, ya ce wannan ko ciwon haƙori gareni zai tafi. Wani yaro kuma da ya ji ina kwatanta kauri da tsawo da yatsa ya matso ya raɗa mini cewa in biyo shi bayan kasuwa, akwai mai ƙarfi. Na ce a'a ɗan'uwa, ba ita nake nufi ba. A Abuja na same ta a wani kanti, Padrón ta ƙasar Nikaragua, tana kwance cikin gilashi kamar zinare. Da aka faɗi kuɗin kara ɗaya na lissafa, cefanen gidana ne na mako guda har da nama. Na ce zan dawo.

Ƙarshe dai aka gano mini dabarar talaka: ɗauri na guda 20, ba akwati ba ado, cikinta guntayen ganye ne maimakon dogo, amma wajenta baƙa wuluk. Wani direba namu ne ya taho mini da ita daga Legas a watan Disamba, tsakiyar hunturu. Ita kuma abar nan ba ta son bushewa, danshin iska take so kusan kashi 70 cikin ɗari, a garin da leɓen mutum ma ke tsagewa kafin azahar. Ta farko da na bari a aljihu kwana biyu faso ta yi tun daga kai har gindi. Akwatin katakon da masu kuɗi ke ajiye ta ciki ya fi tabar tsada, don haka na ɗauki robar abincin uwargida mai murfi, na jiƙa soso na sa a gefe, na jera sauran 19, na naɗe da baƙar leda na tura can ƙarƙashin gado.

Abin da na manta shi ne Gwaggo tana gidan, ta zo daga Misau yi wa uwargida wankan jego. Kuma Gwaggo idan ta kama tsintsiya har inda gizo-gizo bai sani ba tana shiga.

Ranar Talata na dawo daga aiki bayan la'asar, na ga takalma jere a ƙofar falo. Na gane na surukina, na gane na Kawu, ga wasu silifas da ban sani ba, ashe na na'ibin masallacinmu ne. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani abu ya sami jaririn. Na yi sallama na shiga. Ga robata a tsakiyar falo an ɗora ta kan faifai, murfi a buɗe, kowa ya ja baya ya bar mata fili kamar an kewaye maciji.

Na durƙusa na gaida Baba. Ya amsa a taƙaice bai dube ni ba. Gwaggo ce ta fara, da hannu a ƙugu.

"Sha tara ne, na ƙirga da tsinke. Ina ɗayan? A ina ka binne shi?"

Na ce, "Gwaggo, binne me?"

"Kai za ka gaya mana. Abu baƙi, an naɗe shi, an sa masa zobe mai jan rubutu irin na arna, kuma har ruwa kake ba shi a soso! Abin da ake ba ruwa ai mai rai ne. Yarinya ko arba'in ba ta yi ba ka fara haɗa mata na kishiya."

To, ku tsaya nan ku auna mini. Hanya biyu ce a gabana. Ko in yi shiru in zama mai bin bokaye a gaban surukina da na'ibi, ko in buɗe baki in ce ni mashayin taba ne a gaban mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba shekara huɗu. Wallahi sai da na yi kusan minti guda ina duba wanne ya fi sauƙi. Bokan ma ya so ya ci.

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, a yi haƙuri, taba ce."

Sai Kawu ya yi dariya. Shi da ya yi shekaru yana busawa kafin likita ya raba su, yanzu ya zama masani. "Yaro, ni za a gaya wa taba? Taba fara ce, da auduga a gindi. Wannan ko a lofe ba ta shiga." Na'ibi ya gyara zama ya ce mafi sauƙi, in taba ce, a kunna a gani.

Ba ni da abin yanka kanta, sai na ce a ba ni reza. Gwaggo ta dafe ƙirji, "Innalillahi, zai yanka shi!" Na datse kan, hannuna na rawa, ganye ya zubo kan kafet. Ashana ta farko ta mutu. Ta biyu ta karye. Ta uku ta kama, na riƙa juya gindin a kan wuta yadda ɗan Labanan ya koya mini, su kuwa duk sun miƙo wuya. Dokar taba ta 2015 ta hana sha a wurin taruwar jama'a, shi ya sa kullum bayan gida nake raɓewa da daddare, yau ga ni ina sha a taro mafi nauyi da na taɓa shiga.

Ita wannan taba ba a haɗiyar hayaƙinta, a baki ake juya shi a fesar. Abu na farko da ake koya wa mutum ke nan. Amma ina ɗaga ido muka haɗa ido da Baba, sai na zuƙe shi gaba ɗaya har ƙasan huhu. Tari ya sarƙe ni. Ba irin tarin da ake rufe baki a ce afuwan ba, irin wanda mutum ke dafa ƙasa da hannu biyu, hawaye da majina suna tsere. Hulata ta faɗi ta gangara har gaban na'ibi, shi kuma ya janye ƙafa kada ta taɓa shi. Ina ɗagowa Gwaggo ta ƙwalla salati tana nuna bakina. Ashe mai arahar nan ba nunan ganye ne ya baƙanta ta ba, rini aka yi mata, yawu na taɓawa ya saki. Leɓena da yatsuna duk sun yi baƙi kamar na lashi gindin tukunya.

"Kun gani ko? Ya fara fitowa ta bakinsa!"

Duk wannan zan iya haƙura da shi. Wanda ba zan yafe ba ƙanin uwargida ne. Yaron nan yana tsaye bakin labule tun farko da waya a hannu, kafaɗunsa na rawa. Ya san taba ce! Shi ya raka ni tasha ranar da aka kawo ta, har ya ce in ba shi ɗaya ya yi hoto da ita. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta wadatar, ya yi gum. Yaron da na biya wa kuɗin rajista har sau biyu. Yaron da ke ɗaukar babur ɗina da cikakken tanki ya dawo da shi yana turawa, ya ce wai mai ne ba shi da kyau yanzu, yana tashi a iska. Ranar suna shi kaɗai ya tashi da rabin kwanon masa, ina kallo ban ce komai ba. Yanzu ya bi majalisa ya sa mini suna Kastro, har mai shayi ya ɗauka. Kuma shi Kastro ɗin ma tun 1985 ya daina sha, amma je ka gaya wa wanda bai san inda Kuba take ba.

Da hayaƙi ya cika falo dai kowa ya yarda taba ce, don warin ba ya ɓuya. Baba ya yi shiru can ya ce, "Nawa ka saya?" Na rage kusan rabi na faɗa. Ya ce in maimaita. Ashe duk zancen asirin bai ɓata masa rai kamar wannan ba. Ya tashi ya ce Allah Ya shirya, na'ibi ya ce amin da ƙarfin da ya wuce buƙata.

Kawu ya zari guda biyu ya sa a aljihu, wai zai kai a duba masa. Gwaggo duk da haka sai da ta turara ɗakin kwana uku, kuma har ta koma Misau ba ta yarda da lissafin ɗayan nan ba. Sauran suna ofis cikin durowa, sun bushe sun zama kamar kirfa. Uwargida ta ce robarta ta ɗauki wari, sabuwa zan saya, mai murfi shuɗi irin waccan. Na je Wunti jiya babu shuɗi, sai kore.