Kafin ka yi wa gida fenti, ka tona masai

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwana mazauna Legas, na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, da mu da muke kwana muna tashi a kasuwar Mile 12.

Da Babbar Sallah na je gida. Ina zaune a zaure aka miƙo mini ɗan ƙanena, aka ce shekararsa uku. Wallahi da na ɗaga shi sai da gabana ya faɗi, don bai fi nauyin ɗan shekara ɗaya da rabi ba. Ga ciki ya turo gaba, ga ƙafafu kamar sillen kara, gashin kansa ya yi ja ya kwanta. Na tambayi uwarsa, ta ce: "Yaya, zawo ne ba ya barinsa, in ya tafi sati biyu sai ya dawo. Inna ta ce haƙori ne." Haƙori har shekara uku?

Gidan nan ba gidan yunwa ba ne. Akwai gero a rumbu, akwai wake, akwai akuya mai nono. Ubansa yana nan Legas tare da mu, duk wata yana aike. An yi rufin kwano, an sa ƙofar ƙarfe, an ja sola. Amma masai ya rufta tun daminar bara, ba a tona wani ba. Manya suna zagayawa bayan gari, yara kuma duk inda ta kama su. Na ga da idona an kwashe kashin yaro da fasasshen kwano an watsa a juji, taku kaɗan daga inda ake shanya tsaki. Ƙudan da ya tashi daga can shi ne ya sauka a bakin kofin kunu.

Imam Muslim ya ruwaito cewa an ce wa Salmanul Farisi, Allah Ya yarda da shi: Annabinku ya koya muku komai, har yadda ake biyan buƙata. Ya ce ƙwarai kuwa. Bai ji kunyar amsawa ba. Kuma a hadisin Abu Huraira, Manzon Allah (SAW) ya ce a kiyayi abubuwa biyu masu jawo tsinuwa: yin bayan gida a kan hanyar mutane ko a inuwarsu. A ruwayar Abu Dawud daga Mu'azu an ƙara da wuraren ɗiban ruwa. To ina ne ake tsugunawa a ƙauyukanmu in ba bakin hanyar gona ba, gindin kuka, gefen rafi? Muna karanta hadisan nan a babin tsarki, mu rufe littafi, kamar da wasu mutane ake.

Ga abin da yake faruwa a cikin yaron. Yana rarrafe a ƙasa, yana kai hannu baki, yana haɗiyar ƙazantar mutum da ta kaji ba tare da kowa ya lura ba. Kowane zawo yana wanke abin da ya ci. Ko ranar da ba ya zawon ma, hanjinsa a kumbure yake daga ciki, ba ya iya tsotse amfanin abinci yadda ya kamata. Ga tsutsar ciki tana raba abinci da shi, akwai ma wadda take shiga ta tafin ƙafa in yana yawo ba takalmi, ta riƙa shan jininsa. Sai ka ga ana ta ɗura masa abinci amma jiki ya ƙi. Masana lafiya sun ce daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara 2, kwana 1,000 ke nan, a nan ake gina jiki da ƙwaƙwalwa, kuma tsumburewar da ta kama yaro a wannan tsakani da wuya ta sake shi gaba ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 a tsumbure suke, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Fiye da rabin 'ya'yanmu ke nan.

Na san wani zai ce rai da lafiya na Allah ne. Gaskiya ne, babu mai ja. Amma Wanda ya ƙaddara cuta Shi ne ya aiko Manzon da ya ce a rufe ƙwarya, a ɗaure bakin salka, kada wanda ya tashi daga barci ya tsoma hannu a mazubi sai ya wanke shi sau uku. Kuma ya ce dukkanku makiyaya ne, kowa za a tambaye shi kiwon da aka ba shi. Nisan Legas ba zai ɗauke maka wannan tambaya ba.

Kada kuma a ce ba ya yiwuwa. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a ƙasar nan da ta rabu da bayan gida a fili, ga ta nan maƙwabciyarmu, ƙauyukanta irin namu ne. Mu na nan ma ba mu tsira ba, mun ga yadda kwalara ta yi ɓarna a Legas a watan Yunin 2024.

Don Allah, a aiken da za ka yi na gaba, ka ware kuɗin masai da sunansa, ka ce ba na komai ba ne sai shi. A tona nesa da rijiya, a yi masa murfi saboda ƙuda. A sayo fo, a riƙa zuba kashin yaro a cikin masai, don ba shi da wani tsarki da ya fi na babba, sau da yawa ma ya fi ɗaukar cuta. A ajiye buta da sabulu a ƙofarsa, in babu sabulu toka ta fi babu. Randa a rufe, moda kada ta kwana a ƙasa. In zawo ya zo, kada a cire yaro daga nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti a karɓo maganin zinc, kada a zauna jiran haƙori ya fito.

Ni da ƙanena mun haɗa kuɗi, an tona masai kafin in baro gida. Jiya uwar yaron ta kira, ta ce wata guda ke nan bai yi zawo ba, har ya fara bin yara zuwa ƙofar gida. Ku sa shi a addu'a, Allah Ya ba shi lafiya, Ya raya mana shi.