Tarihin bakin tsofaffi ya zama hujja a kotun Kanada, ya cancanci kujera a jami'a

Da zarar an ce yaro a Kanada ya shiga jami'a yana karanta al'adun 'yan asalin ƙasar da shugabancin al'umma, sai ka ji an ce: to da wannan takardar me zai ci? Ni a ganina ba kasafai ake samun karatu mai nauyin wannan ba, domin maganar ƙasa ce, maganar daji da kogi da wanda zai gaje su.

A 1984 sarakunan gado na ƙabilun Gitxsan da Wet'suwet'en, a lardin Birtish Kolumbiya, suka shigar da ƙara suna neman a tabbatar musu da ƙasar kakanninsu, wajen murabba'in kilomita 58,000. Shari'ar Delgamuukw ke nan. Ba su da takardar fili ko ɗaya. Abin da ke hannunsu shi ne tarihin gidaje da waƙoƙin da ake rerawa a zauren taro, inda kowane gida ya san iyakarsa daga wane dutse zuwa wane rafi. Dattawa suka tsaya gaban alƙali suna zayyana wannan tarihi, wata tsohuwa har waƙar gidansu ta rera a cikin kotu. A 1991 alƙalin ya kori ƙarar, bai ɗauki maganar tsofaffin a bakin komai ba. Sai a 1997 Kotun Ƙoli ta ce bai yi daidai ba, tarihin baka hujja ce, dole a auna shi kafaɗa da kafaɗa da rubutacce. A kan wannan turba ƙabilar Tsilhqot'in ta bi har kotu ta tabbatar mata da mallakar ƙasarta a 2014.

To wa zai riƙe wannan ilimi idan tsofaffin suka kau? Nan ne ciwon yake. Yara kusan 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana na gwamnati da coci, ana dukansu idan sun yi yarensu, kuma ba a rufe na ƙarshe ba sai a shekarun 1990. Bikin potlatch, inda ake naɗa sarauta a gaban shaidu, doka ta haramta shi daga 1885 zuwa 1951. Gidaje da yawa kaka na jin yare, jika ba ya ji. Makaranta ce ta yanke igiyar, don haka ina ganin wajibinta ne ta taimaka a ɗaura.

Wasu sun fara. Jami'ar 'yan asalin ƙasa da ke Rijaina ta samo tushe tun 1976, kuma dattawa na cikin masu tarbiyyar ɗalibanta. A 2018 Jami'ar Biktoriya ta buɗe digirin shekara huɗu da ke haɗa dokar Kanada da dokokin ƙabilu, har ɗalibai su je su zauna cikin al'umma su koya daga masu abin.

Bangaren shugabancin ma ba wasa ba ne. A 2020 rikicin bututun gas ya tashi a ƙasar Wet'suwet'en: zaɓaɓɓun majalisun ƙabila da dokar gwamnatin Kanada ta 1876 kan 'yan asalin ƙasa ta haifar sun sa hannu da kamfani, sarakunan gado suka ce ba da yawunsu ba, har zanga-zanga ta tsayar da jiragen ƙasa. Mu da muka san bambancin hakimi da ciyaman ba sai an yi mana dogon bayani ba. Al'umma irin wannan tana bukatar matashin da zai karanta yarjejeniyar kamfani layi-layi, kuma ya san wa ke da ikon magana a zauren taro, wa zai yi shiru.

Damuwata ɗaya ce. Tun 2016 jami'o'in Winnipeg da Lakehead suka wajabta wa ɗalibai darasi kan 'yan asalin ƙasa. Madalla, amma darasi guda ba ya fitar da shugaba. Kuma ba na yarda da a gayyato dattijuwa ta buɗe taro da addu'a, a ɗauke ta hoto, sannan wani ya hau mumbari yana fassara iliminta. A ba ta aji, a biya ta albashin malami, kuma ta sa baki wajen tantance ɗalibin da ya ci da wanda ya faɗi.