Core i7 ba ita ce kwamfutar gem ba, ku daina yaudarar mutane

Wallahi raina a ɓace yake. Yaro ya tara kuɗi da guminsa, ya taso daga Agege ya sha cunkoso har Ikeja, sannan mai shago ya dubi tsabar idonsa ya ce: "Wannan Core i7 ce, babu gem ɗin da ba za ta ɗauka ba." Ƙarya tsagwaronta, kuma mai faɗin ya san ƙarya yake yi. Core i7 sunan wani nau'in furosesa ne kawai, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Ƙanena aka yi wa haka. Burinsa bai wuce ya buga gem ɗin ƙwallon ƙafa na FC 24 da abokansa ba. Kamfanin EA, mai gem ɗin, ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa mafi ƙarancin abin da wasan ke buƙata shi ne katin hoto GTX 1050 Ti, RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) 8GB da wurin ajiya 100GB. Laftof ɗin da aka liƙa masa kuwa ta hannu ce, i7 zubi na 7, abin sarrafa hotonta Intel HD 620, wanda ko ma'ajiyar kansa ba shi da ita, daga RAM yake yagar rabonsa. Da ƙyar da siɗin goshi wasan ya buɗe. Ɗan wasa zai ɗauki ƙwallo a tsakiyar fili, hoto ya daskare, kafin ya motsa an zura maka a raga. Fanka na ta kuka, ƙasan laftof ya ɗau zafin da ba ka iya ɗora ta a cinya, ita kuma da ta ji zafi sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ga zafin Legas a kai. Aka ɗauke wuta kuma ta koma kan batir, sai abin ya ƙara lalacewa.

Muka koma shagon, mai shagon ya ce wai a ƙara RAM. RAM ɗin me? Abin da ke sarrafa hoton yana cikin furosesa, furosesar kuma an nane ta a jikin allon cikin laftof (motherboard). Ba kwamfutar tebur ba ce da za a zare kati a sa wani. Mai shagon bai kuma gaya wa yaron cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025 ba, kuma wannan furosesar ba ta cikin waɗanda aka amince su hau Windows 11.

Na ce ya mayar da kuɗi. Ya nuna min rasit, wai kaya in sun fita ba sa dawowa, amma in mun yi ciko zai musanya mana da wata.