Jarumi mai rufe fuska bai gama kwanta mini ba

A nan Ingila inda nake zaune, jaruman nan masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam sun zama ruwan dare. Suna jikin jakar makarantar yara, suna jikin rigunan barci, har manya masu furfura na bin labarinsu. Tun da Superman ya fito a mujallar zane a Amurka a 1938, Batman ya biyo shi a 1939, ba a daina ƙirƙiro irinsu ba. Kwanan nan na karanta wani ƙagaggen labari na irin wannan, zube ne babu zane, kuma har yanzu zuciyata biyu a kansa.

Rabin farko ya kama ni sosai. Marubucin bai mai da ƙarfi maganin komai ba. Mutumin yana ɗaga mota da hannu ɗaya, amma kuɗin haya na hana shi barci. Ya kwana ceton gari, gari ya waye shugabansa a wurin aiki na yi masa faɗan makara. Ya dawo ɗaki da rauni, babu mai ce masa sannu. Duk wanda ya yi hunturu shi kaɗai a ƙasar nan ya san wannan kaɗaicin ba ƙarya ba ne. A nan kam irin waɗannan labaran sun fi namu. Littattafanmu na jarumta, irin Ganɗoki na Bello Kagara da ya fito a 1934, ba su tsayawa tambayar abin da ke damun jarumi idan ya ajiye takobi.

Inda muka raba hanya da littafin shi ne fuska. Mutumin nan yana rufe fuskarsa, yana ɓoye sunansa, ko maƙwabcinsa bai san shi ne ba. Ni kuwa a Sakkwato na tashi, inda namiji ke fara faɗin ko shi wane ne kafin ya kai hannu. Ɗan dambe ya shigo fili, makaɗi na kiran sunansa da na garinsu, shi kuma ya ɗaga hannu ya yi kirari, don in ya kayar a san wanda ya kayar, in ya faɗi a san wanda ya faɗi. Ɗan tauri da ke goga wuƙa a cikinsa ranar Sallah, an san gidan da ya gaji abin. Sarkin Musulmi Attahiru ya tari Turawa a Giginya a watan Maris na 1903, ya rasu a Burmi a watan Yuli na shekarar, duk da sunansa da tutarsa. Da tsohuwar da ta rene ni za ta ji labarin wannan mai rufe fuska, tambayarta ɗaya ce: "Wanga ɗan gidan wa na?"

Kuma tambayar ba ta al'ada kawai ba ce. Mutumin da ya kama, ya yanke hukunci, ya zartar shi kaɗai cikin dare, ba tare da alƙali ko mai unguwa ba, ga Bature abin nishaɗi ne, domin in ya rufe littafi ɗan sandansa na nan. Mu mun ga abin da ido. A gabashin jiharmu, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, azabar 'yan bindiga ta sa mutane suka tashi kare kansu, kuma ba na ganin laifin wanda aka ƙone wa rumbu in ya ɗauki makami. Amma an wayi gari wasu 'yan sa-kai na kashe mutum saboda kamanninsa kawai, ramuwar gayya ta biyo baya a kan ƙauyukan da ba su san hawa ba balle sauka, har gwamnatin jiha ta haramta ƙungiyar a 2021.

Marubucin ya sauƙaƙa wa kansa aiki. Duk wanda jaruminsa ya daka, shafi na gaba sai ya tabbata mai laifi ne. Da a babi ɗaya kawai ya bari ya karya wanda bai ji ba bai gani ba, dangin mutumin su fito neman wanda za su kai ƙara su tarar babu fuska babu suna, da tuni na sayi kashi na biyu.