Bindigar da ke ƙarƙashin katifa a gidan haya

Jama'ar Kumasi, assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne a tilasta wa duk mai bindiga a gida ya kulle ta a akwatin ƙarfe, harsashi a wani wuri daban, in kuma ta tashi a hannun yaro a tuhumi mai ita. Na san akwai iyayenmu alhazai da maganar ba za ta yi wa daɗi ba. Su yi haƙuri su karanta har ƙarshe.

Ku dubi zamanmu a Aboabo, Asawase da Sawaba. Gida ɗaya, ɗakuna jere, tsakar gida ɗaya, ɗan kowa na kowa ne. Mai bindiga ɗaki da falo gare shi, to ina zai sa ta? Ko ƙarƙashin katifa, ko saman kabad, ko bayan ƙofa a naɗe cikin tsohon zane. Da asuba ya wuce kasuwar Kejetia. Da hantsi uwargida ta aiki yaro ya ɗauko mata kuɗin gawayi a ɗaki, abokansa biyu na gidan suka bi shi. Maigida yana can yana ganin ba wanda ya san maɓoyarsa, alhali yaro ɗan shekara takwas ya fi shi sanin lungunan ɗakin nan.

Ba mu manta abin da ya faru a wata sakandare a Bantama cikin Afrilun 2025 ba. Ɗalibi ya shiga aji da bindiga, ta tashi ta sami 'yan ajinsu biyu, ɗaya yarinya ce da raunin ya same ta a ido. Gari ya yi ta maganar tarbiyyar yaran zamani. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne babban da ya bar ta inda hannun yaro zai kai.

Dokokin da Ghana ke aiki da su kan makamai tun na 1962 da 1972 ne, da 'yan gyare-gyare daga baya. Ƙarfinsu yana kan rajista da lasisi: ka je wurin 'yan sanda, a bincike ka, a ba ka takarda, kana sabuntawa duk shekara. To, a wannan sabuntawar nake so a ɗaure maganar. Ba akwati, ba lasisi. Afirka ta Kudu ta sa irin wannan sharaɗi a dokarta ta 2000, a Ingila kuwa 'yan sanda har gida suke zuwa su ga inda za ka kulle ta. Kada ma wani ya kawo kukan tsada. Wanda ya iya sayen bindiga ba zai gagara biyan mai walda a Suame Magazine ya haɗa masa akwati ya kafe a bango ba.

Hujjar da aka fi kawo mini ita ce ta 'yan fashi: in sun dira ƙarfe biyun dare, yaushe zan tsaya neman makulli? Ban raina wannan tsoro ba, wanda aka taɓa fasa wa ƙofa shi ya san abin da ya gani. Amma makulli yana iya kwana a wuyanka. Kuma ɓarawon zango ya fi shiga da rana, lokacin da gida ya watse, ya ɗaga katifa neman kuɗi ya tarar da abin da ya fi kuɗi. Bindigar da ka saya don tsare iyalinka, ita ce gobe za a tare hanyar Techiman da ita.

Wasu kuma sun ce dokar masu lasisi kaɗai za ta kama. Gaskiya ne. Binciken da aka yi a 2014 ya ƙiyasta ƙananan makamai miliyan 2.3 a hannun farar hula a faɗin Ghana, wajen miliyan 1.1 babu rajista. Sauran miliyan 1.2 fa? Su ma a ɗakunan da yara ke kwana suke.

Akwai kuma wadda ba a cika magana a kanta ba, bindigar gado. Alhaji ya rasu, an yi addu'ar uku, an yi ta arba'in, an lissafa gida da mota har da akwatin kayansa, bindiga tana nan a kabad da lasisi mai sunan mamaci. Hajiya tsoron taɓa ta take yi, samarin gida kuwa kowa ya san inda take. Haka za ta shekara goma ba mai ita. Manzon Allah (SAW) ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani, don haka malaman da ke raba mana gado suna da madafa. Su riƙa tambaya ko marigayi ya bar makami, in akwai a kai wa 'yan sanda, magajin da ke so ya nemi lasisi da sunansa.

Ministan cikin gida, Alhaji Muntaka Mubarak, ɗan majalisarmu ne na Asawase, ya san irin gidajen da nake faɗa. An daɗe ana maganar sabuwar dokar makamai, to a sa sharaɗin akwati a ciki. Kafin nan, masu gidajen haya ku tambayi ɗan haya ko yana da bindiga tun kafin ku karɓi kuɗin shekara.