Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Betkasta

Makon jiya wani ƙanina da ya zo karatu Dalas ya turo min hoto daga cikin wani kantin kayan kamun kifi, ya ce, "Yaya, wannan zan ɗauka, irin ta ƙwararru ce." Na buɗe hoton, sai ga betkasta, wani irin injin naɗe zaren kamun kifi, ɗaure a kan doguwar sanda tana ta ƙyalli. Yaron nan bai taɓa jefa ƙugiya a ruwa ba, ko a kududdufin bayan gari. Na ce masa ya mayar musu da kayansu ya fito waje mu yi magana. Da yake ba shi kaɗai ba ne, 'yan uwa da dama a nan Tekzas sun fara shiga harkar kamun bas, na ga gara in rubuta abin da na faɗa masa, kowa ya ɗauki wanda zai amfane shi.

Ga waɗanda ke gida: bas ɗin nan ba motar haya ba ce, kifi ne. Kore-kore, da baƙin ratsi a gefe, da ƙaton bakin da in ya girma sai ka zura dunƙulen hannu ya shige. Bai kama ƙafar giwan ruwa a girma ba. Mafi girma da aka rubuta a tarihi shi ne wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, fam 22 da oza 4, wato kilo goma da 'yar ɗoriya, sai a 2009 Manabu Kurita ya yi kunnen doki da shi a Tafkin Biwa na Japan. A Argungu wannan ko kallo bai ishi alƙalai ba. Amma Amurkawa sun ɗauke shi da zafi, tun da Ray Scott ya shirya gasarsa ta farko a 1967 abin ya zama sana'ar da mutane ke ci da iyali a cikinta. Kuma yawanci a kama ne, a ɗauki hoto, a sake. Ranar da na gaya wa Hajiyarmu haka a waya, shiru ta yi, can ta ce, "To kai wahalar me kake yi ke nan?" Har yau ban samo amsar da ta gamsar da ita ba.

Injin naɗe zare iri biyu ake rigima a kansu. Sifinin shi ne wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda. Ƙwarƙwaronsa a tsaye yake, ba ya juyawa lokacin jifa. Ka ɗaga 'yar wayar da ke gabansa, ka tare zaren da manunin yatsa, ka wurga, zaren ya riƙa zamewa zobe-zobe da kansa. Da abin da ka jefa ya faɗa ruwa, ba mai jan zare, sai ya tsaya. Shi ke nan. Betkasta kuwa a saman sanda take zaune, kuma ƙwarƙwaronta juyawa yake kamar na keken ɗinki. Nauyin abin da ka jefa ne ke fizgar sa ya yi ta gudu. A nan matsalar take: in iska ta tare abin jifan, ko ya bugi ruwa ya tsaya, ƙwarƙwaro bai san an tsaya ba, yana nan yana aman zare. Zaren da ba shi da hanyar fita sai ya taru a ciki ya cukurkuɗe. Amurkawa na kiran wannan cukurkuɗewa sheƙar tsuntsu, kuma duk wanda ya gan ta zai ce sunan ya dace. Babban yatsanka shi ne birkin gaskiya, shi za ka koya wa lokacin da zai taɓa ƙwarƙwaro da lokacin da zai ɗaga.

Ni da betkasta na fara, domin wani mai kanti ya ce min sifinin na yara ne da masu yawon shaƙatawa. Na biya, har da zaren fulorokabon, wani irin zaren roba mai tsada, na sa aka naɗa min. Asabar da sassafe na tsaya a bakin wani tafki, iska na busowa daga gabana. Jifa na farko ya tafi kamar taku goma. Na biyu na ƙara ƙarfi. Na uku na zage na wurga da dukkan kafaɗata, sai na ji "firrr", tanar robar ta faɗo kusa da takalmina, injin kuma ya kumbura da zare kamar an kwance kitso ba a taje ba. Na zauna a kan dutse ina tsintar madauki da farce, in ja wannan wancan ya ƙulle. Rana ta fito ta same ni a haka. Daga ƙarshe wuƙa na sa, na yanke fiye da rabin zaren da na saya jiya-jiya. Duk wannan lokacin akwai wani dattijo a gefena da tsohon sifinin wanda fentinsa ya koɗe, yana jefa wata guntuwar roba da ba ta kai tsawon yatsa ba. A idona ya fito da bas huɗu. Bai yi min dariya ba, Allah ya saka masa. Da zai tafi ya leƙa injina, ya murɗa birkin gefe har ƙarshe, ya ce in daina jifa da fuskantar iska sai hannuna ya faɗa.

To ga ra'ayina, kuma na san wasu abokan fitata za su yi min ca: wanda zai fara, kuma sanda ɗaya zai saya, ya sayi sifinin. Ba don ya fi sauƙi kawai ba. Nauyin abin da za ka jefa da irin wurin da kifin yake kwance su ke zaɓa maka inji, kuma yawancin sababbin shiga a bakin gaɓa suke tsayawa, a tafkunan cikin gari da kifi ya gaji da ganin ƙugiya. Irin wannan kifin ƙaramin abu yake so, a kan siririn zare, a hankali. Abin jifan da bai kai giram bakwai ba, wato rubu'in oza, da ƙyar yake iya juya ƙwarƙwaron betkasta ta yau da kullum. Sifinin kuwa zai kai maka shi nesa ko da iska. Guntuwar robar da dattijon nan ke jefawa, wadda ake kira da sunan wani mai kamun kifi, Ned Kehde, da tanar Senko da ake soke wa ƙugiya a tsakiya tana nutsewa tana karkarwa, da dabarar sa dalma a ƙasa ƙugiya a sama, duk aikin sifinin ne. Kuma su ne ke hana mutum komawa gida hannu rabbana.

Akwai maganar kuɗi ma. Sifinin mai araha yana aiki lafiya lau. Betkasta mai araha azaba ce, domin abin da aka rage wa inganci a cikinta shi ne birki, birkin kuma shi ne abin da sabon shiga ya fi buƙata. Wasu birkinsu na maganaɗisu ne, wasu na ƙananan ƙarafa masu buɗewa idan gudu ya yi yawa, kamfanin Shimano ma na da mai 'yar kwamfuta a ciki da ke kuka in an jefa. Duk da haka ba wanda ya sallami babban yatsa daga aiki. Wani abin da ba a gaya wa mutane: mariƙin sifinin ana kwance shi a mayar hagu ko dama, na betkasta kuwa yadda ka saye shi haka za ku mutu tare.

Kada a ce na ƙi betkasta. Yanzu haka guda uku gare ni, kuma akwai ranakun da ba na taɓa komai sai su. Je ka tafkin Lake Fork, inda aka kama bas mafi girma a tarihin Tekzas a 1992, fam 18.18. Da aka tare ruwan an bar itatuwa da yawa a tsaye, ƙasan cike yake da kututture. Kifi ya kama a irin wannan wuri, in ka ba shi daƙiƙa biyu ya naɗe zarenka a reshe, sai dai ka yi masa fatan alheri. Ko wurin da bado da ciyawa suka rufe ruwa ruf, kana jan kwaɗon roba a sama, ruwa ya fashe kamar an jefa bulo. A nan kana buƙatar saƙaƙƙen zare mai ɗaukar fam 50 ko 65, da sanda mai tauri, da injin da zai finciko kifi da ciyawarsa gaba ɗaya. Betkasta ce wannan. Tana riƙe kakkauran zare ba ya tsalle daga ƙwarƙwaro, ba ta murɗe zare yadda sifinin ke yi, kuma in hannu ya saba za ka iya lilo da abin jifa ka ajiye shi a gindin kututture ba ƙara, yatsanka ya tsayar da shi daidai inda kake so. Wannan daɗin ba na musun sa. Abin da nake musu shi ne a ce da shi za a fara.

Ina zaton girman da ake ba ta yana da nasaba da asalinta. 'Yar gida ce a Amurka: masu gyaran agogo na jihar Kentaki, irin su George Snyder, suka ƙera magabatanta tun farkon ƙarni na 19. Sifinin baƙo ne daga Turai, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bazu a nan, lokacin da Mitchell 300 na Faransa ya shigo kasuwa. Ƙila shi ya sa har yau wasu tsofaffin Kudu ke kallon sa a karkace. Masu cewa ƙwararru duk betkasta suke riƙewa kuwa, da alama sun daɗe ba su kalli gasa ba. Marigayi Aaron Martens, ƙwararren ɗan gasa, da siririn zare ya yi suna. Gasar da ake yi a Kogin St. Lawrence, inda ake neman bas mai ƙaramin baki a ruwa garai-garai, kusan kowa sifinin ne a hannunsa. Tun da Garmin ta fito da LiveScope a 2018, na'urar da ke nuna kifi yana yawo a gaban jirgi kai tsaye, samarin da ke lashe manyan kuɗi da ɗan kifin roba da sifinin suke yi. Ina da ƙorafi a kan na'urar nan, amma wannan zancen wata rana ne.

Abin da na ce wa ƙanina ya saya: sanda mai ƙafa bakwai, matsakaiciyar tauri, injin sifinin mai lamba 2500, saƙaƙƙen zare fam 10 ko 15, a ƙulla masa fulorokabon fam 8 kamar tsawon gaba ɗaya a baki. Canjin da ya rage ya sayi ƙugiyoyi da tanar roba da lasisi, ko da yake a gandayen shaƙatawa na jihar Tekzas ana kamu daga bakin gaɓa ba lasisi. Ya kuma karanta dokar tafkin da zai je, domin ƙa'idar jiha ita ce kifin da za ka tafi da shi ya kai tsawon inci 14, kuma kada ya wuce biyar a rana, amma wasu tafkunan, har da Lake Fork, suna da tasu daban. In ya yi shekara yana fita, ya ga kifi yana kuɓuce masa a cikin ciyawa, ba sai na ce masa komai ba, da ƙafarsa zai koma kantin. A lokacin sai ya fara a tsakar gida da bokiti, ya ɗaure birki sosai, ya warware zare tsawon jifa ɗaya da ɗan ƙari, ya manna salatif a kan sauran, yadda ko sheƙa ta zo ba za ta yi zurfi ba.

Bai ji daɗi ba, na sani. Ya ce, "Yaya, amma kai ai kana da ita." Na ce ina da ita, kuma Asabar bayan sallar Asuba zan biyo in ɗauke shi, zan zo da duka biyun. Zan ba shi betkastar ya yi jifa uku yana fuskantar iska. Wuƙar ma na riga na sa ta a jaka.