Yadda Sarauniya Amina ta ci min kuɗin indomi a Agege

Ranar Lahadi ne, a shagon buga gem na ɗan yayata da ke Agege. An ɗauke wuta, ana jiran yaro ya dawo da fetur, sai musu ya ɓarke kan ƙasashen da suka cancanci a saka su a gem ɗin yaƙin tarihi. Kun dai san ni, ba a tambaye ni ba na tsoma baki.

Na ce zalunci ne tsagwaronsa. Gem ɗin Civilization VI ya saka Kanada da Ostireliya, ya bar Najeriya mai mutum sama da miliyan 200. Wani ya ce ai Najeriyar ma sai 1914 Lugga ya haɗa ta, da wace rundunar za ta fita? Na ce to mun ji, a saka Kano, a saka Zazzau, Oyo ko Binin. An ba Mansa Musa na Mali gurbi, an ba Shaka na Zulu, mu me muka yi musu? Amurka ma jaririyar 1776 tana ko'ina. Har na miƙe tsaye, na buga ƙirji, na ce duk wanda ya nuna min Bahaushe ɗaya a cikin gem, indomin kowa a shagon nan yau ni zan saya.

Janareta ya tashi. Ɗan ƙaramin yaron nan mai zaman kusa da ƙofa, bai fi shekara goma sha biyu ba, ya ce, "Kawu, zo ka gani." Ya buɗe wani gem, Age of Empires III. Ga Hausa nan rubuce ɓaro-ɓaro. Wai tun 2021 aka saka mu tare da Habasha, Sarauniya Amina ce jagora. Na ce ƙarya ne, haɗi ne na 'yan Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Legas. Ya danna soja, sojan ya amsa da Hausa. Ya sake dannawa. Ya sake. Ya ƙaro murya saboda na waje su ji. Shago ya yi tsit, sai ƙarar janareta, ni kuma ina tsaye da hannuna a ƙirji ban ma sauke shi ba.

Abin da ya fi min ciwo, ni Bazazzagi, garin da suka ba Amina a gem ɗin Kano ne. Kanawan shagon har da tafi. Ga wani soja kuma wai shi Maigadi. Yanzu fisabilillahi, a Legas a kira mu maigadi, a gem ma haka?

Don in wanke kaina na ce a ba ni Hausan in buga da yaron. Shi ya ɗauki Amurka, da gangan. Na zauna ina ta gina ganuwa ina kiwon shanu, ina ba su tarihin mayaƙan lifidi, kafin in ɗago ya shigo da igwa ta bayan gari. Minti ashirin ba a yi ba. "Kawu, ko a sake?" in ji shi.

Amma duk wannan na yafe. Wanda ban yafe wa ba shi ne Babarbaren nan mai wankin hula. Bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba a rayuwarsa, bai san me ake musu a kai ba, ya ji an ce indomi ya leƙo. Ya zauna yana mana wa'azin cewa da Mai Idris Alooma na Borno aka saka da yaro bai ci ni ba, don shi tun ƙarni na 16 yana da bindigogin Turkawa. Ya ce wa mai shayi a sa masa ƙwai uku. Uku! Kowa biyu ya ci. Kuma hulata zanna bukar tana wurinsa tun kafin Babbar Sallah, kullum wai ba ta bushe ba.

Mai shayi ya rubuta min bashi. Na ce sai ƙarshen wata.